Mai Riƙe da Makullin Baitulmalin Rum

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu koma birnin Rum na ƙasar Italiya, fiye da shekara dubu biyu baya, mu duba aikin mutum guda: ma'ajin da aka danƙa wa kuɗin jama'a, wanda Rumawa suke kira kwestor. Ga tunatarwa ɗaya tun kafin mu yi nisa. Yawancin shekarun da za ku ji na ambata kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihissalam, kuma lissafinsu da baya yake tafiya. Wato shekara ta 137 ta riga shekara ta 64 zuwa.

To, a shekara ta 137 ɗin, rundunar Rum ta sha mummunan kashi a ƙasar Sifen, a bakin wani gari mai suna Numantiya. Mutanen garin suka yi wa sojojin ƙawanya, ba gaba ba baya. Shugaban rundunar, Mansinus, ya aika neman sulhu. Suka ce ba wanda za su yarda da maganarsa sai ma'ajin rundunar, wani saurayi da bai kai shekara talatin ba, Tiberiyus Girakus, domin sun san mahaifinsa da cika alkawari. Tiberiyus ya je ya ƙulla sulhun, aka bar Rumawa 20,000 suka fita da ransu. Amma duk abin da ke cikin sansani ya zama ganima, har da allunan da yake rubuta lissafin kuɗin runduna.

Sai da runduna ta kama hanya ya gane allunan ba sa hannunsa. Ya ɗauki abokansa uku ko huɗu, ya juya, ya koma ƙofar garin da suka gama yaƙi da shi. Ya roƙi manyan gari su mayar masa da allunansa, don kada maƙiyansa a gida su sami abin faɗa idan ya kasa ba da bayanin kuɗin da aka ba shi amana. Marubucin Girka Fulutak, wanda ya adana labarin, ya ce mutanen garin sun shigar da shi, suka ba shi abinci, suka mayar masa da allunan, suka ce ya ɗauki duk abin da ransa yake so cikin ganimar. Turaren ƙonawa kawai ya ɗauka.

Mai sauraro, ka tsaya ka auna wannan. Mutum ya kuɓuta da ransa da ƙyar, sannan ya koma hannun abokan gaba saboda littafin lissafi. Abin da ya mayar da shi shi ne ya san akwai ranar da za a tambaye shi, kuma a wannan ranar rantsuwa ba za ta yi masa amfani ba, sai rubutu.

Wane ne wannan ma'aji, kuma daga ina muƙamin ya samo asali?

Bayan Rumawa sun kori sarkinsu na ƙarshe wajen shekara ta 509, sun raba mulki tsakanin mutum biyu da ake zaɓa duk shekara, ana kiransu konsul. Su ke jan yaƙi, su ke kiran taron Majalisar Dattawa. Da farko su ke naɗa ma'ajinsu da kansu. Daga shekara ta 447 aka karɓe wannan dama daga hannunsu, jama'a suka fara zaɓen ma'aji a dandali. Mutum biyu ne a lokacin. A 421 aka mai da su huɗu, biyu su zauna a birni, biyu su bi runduna, aka kuma yarda talaka ya tsaya takara, ko da yake sai a 409 talakawa suka fara cin kujerar. Da ƙasa ta yi ta faɗi, adadin ya yi ta ƙaruwa, har a shekara ta 81 Sulla, wanda ya ci yaƙin basasa ya riƙe mulki, ya kai su 20, ya ƙayyade cewa sai mai shekara 30 zai tsaya, kuma duk wanda ya riƙe muƙamin ya zama ɗan Majalisar Dattawa. Ran 5 ga Disamba sababbin ma'aji suke kama aiki, kuma ƙuri'a ake jefawa a raba musu wurare. Wani ya zauna a Rum, wani a tura shi tashar jiragen ruwa ta Ostiya inda hatsi ke shigowa, wani ya bi gwamna zuwa Sisili ko Sardiniya ko Sifen ko arewacin Afirka.

Wannan shi ne matakin farko ga duk ɗan babban gida da ke son hawa sama. Babu albashi, wa'adin shekara ɗaya ne.

Su biyun da suka zauna a birni su ne masu riƙe da makullin baitulmali. Baitulmalin nan yana a haikalin wani abin bautarsu mai suna Saturnus, a gindin tudun Kafitol, daf da babban dandalin gari. Duk wanda ya je Rum a yau zai ga ginshiƙai takwas tsaye a wurin, ragowar ginin da aka sake yi daga baya. A can ake ajiye tagulla da azurfa da zinariya. A can kuma ake ajiye tutocin yaƙi, da dokokin da jama'a suka zartar, da hukunce-hukuncen Majalisar Dattawa. Ku lura da wannan na ƙarshe, domin za mu dawo gare shi: hukuncin majalisa sai an kai shi baitulmali an shigar da shi kundi yake tabbata. Wato ma'aji shi ne mai tsaron kuɗi, shi ne kuma mai tsaron takarda.

Babbar hikimar tsarin ita ce raba hannu. Folibiyus, wani Bagirke da ya daɗe a Rum yana nazarin yadda suke mulki, ya bayyana cewa ma'aji ba shi da ikon fitar da kuɗi sai da hukuncin majalisa, in ban da abin da konsul ya nema. Majalisa ke cewa a kashe, ma'aji ke ƙirgawa ya miƙa ya rubuta. A fagen yaƙi ma haka: kwamanda ke ba da umarni, amma jakar kuɗi tana wurin ma'aji. Shi ke biyan sojoji, shi ke sayen hatsi, shi ke yin gwanjon ganima. Idan wa'adi ya cika, kowa ya kawo lissafinsa haikalin Saturnus. A shekara ta 59 ma aka yi dokar da ta wajabta a bar kwafin lissafin a garuruwa biyu na lardin da aka yi aiki, a kawo na uku Rum, don kada wani ya gyara alƙaluma a hanya.

A takarda, tsari ne mai kyau ƙwarai. Amma yana da ɓaraka guda biyu, kuma ta nan ɓarna ta riƙa shiga.

Ta farko, dangantakar ma'aji da ubangidansa. Al'adar Rumawa ta ɗauki gwamna ko konsul a matsayin uba ga ma'ajin da ƙuri'a ta ba shi. Ana sa ran ya yi masa biyayya irin ta ɗa, ya rufa masa asiri har bayan sun bar aiki. Ma'ajin da ya fito ya ba da shaida a kan ubangidansa, jama'a kallon maci amana suke yi masa, ko da gaskiya ya faɗa. To yaya za a ce yaro ɗan shekara talatin ya sa wa dattijon da yake kira uba ido, alhali kuma goyon bayan dattijon yake jira a zaɓe na gaba? Manyan ma ba sa son a tambaye su. Wajen shekara ta 187, aka nemi bayanin kuɗin da aka karɓa daga hannun sarki Antiyokus na Siriya. Sikifiyo, gwarzon da ya karya Hanibal babban abokin gaban Rum, ya sa aka kawo littafin lissafin ɗan'uwansa, wanda shi ake tambaya a kan kuɗin, ya yayyaga shi a gaban 'yan majalisa. Hujjarsa ita ce wanda ya cika baitulmali da dukiya ya fi ƙarfin a tuhume shi a kan wani ɓangare nata. Ni a ganina wannan rana ta yi wa Rum illa ƙwarai, domin ta koya wa na baya cewa girman suna yana iya maye gurbin lissafi.

Ga misalin inda abin ya kai. A shekara ta 84, wani mai suna Beres ya zama ma'ajin konsul Karbo, lokacin yaƙin basasa. Aka danƙa masa kuɗin runduna. Da ya ga iska ta juya, ya watsar da ubangidansa ya koma ɓangaren Sulla. Lissafin da ya miƙa bai wuce layi biyu ko uku ba. Ya ce ya karɓi sestarti, wato kuɗin Rum, 2,235,417, ya kashe 1,635,417 kan albashi da hatsi da hidimar jami'ai, ya bar 600,000 a garin Ariminum, wanda yau ake kira Rimini. Babu sunan wanda aka ba, babu rana, babu nawa aka ba kowa. Lauya Sisaro, wanda ya gurfanar da shi daga baya, ya ce 600,000 ɗin nan Karbo bai taɓa su ba, Sulla bai gan su ba, baitulmali ma ba su shiga ba, kuma Beres ya zaɓi sunan Ariminum ne saboda an riga an wawashe garin, ba mai iya ƙaryata shi. Maganar mai ƙara ce, mu riƙe ta a haka. Amma don ku san nauyin kuɗin: shekaru da dama bayan haka, albashin sojan Rum na shekara guda sestarti 900 ne. Wato kuɗin da ya yi ɓatan dabo ya isa a biya soja fiye da 600 shekara cur.

Ba a hukunta Beres a kan wannan ba. Ya ci gaba da hawa, har ya zama gwamnan Sisili daga 73 zuwa 71, ya tatse tsibirin ƙarƙaf. Kuma a nan ne amfanin ma'aji nagari ya bayyana. Sisaro ya riƙe ma'ajin yammacin Sisili a shekara ta 75, a garin Lilibayum, ya tura hatsi Rum lokacin tsada ba tare da ya cuci manoma ba. Mutanen Sisili ba su manta ba. Da suka tashi neman wanda zai tsaya musu, shi suka nema. A shekara ta 70 ya tara takardu da shaidu, Beres bai jira hukunci ba ya tsere gudun hijira zuwa Masiliya, birnin Marsai na Faransa a yau.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ma'ajin tsohuwar daular Rum.

Ɓaraka ta biyu tana cikin ofishin kansa, wato akawuna. Ma'aji shekara ɗaya yake yi ya wuce. Akawu kuwa yana nan daram, yana da albashi, kujerarsa ma saye ake yi. Shahararren mawaƙinsu Horas, bayan ɓangarensa ya faɗi a yaƙin Filibi na shekara ta 42 kuma gonar gidansu ta salwanta, kujerar akawun baitulmali ya samu ya riƙa cin abinci da ita. Akawunan nan su suka san inda kowace takarda take, su suka san dokokin, su suka san wanda ake bi bashi da wanda aka yi shiru a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san yadda ake yi idan aka kawo sabon shugaba matashi kan tsofaffin ma'aikata: a tarbe shi da ladabi, a tara masa fayil, a nuna masa inda zai sa hannu. Haka ake yi wa 'ya'yan manyan Rum. Suna ne nasu, iko na akawu.

Sai wajen shekara ta 64 aka zaɓi wani saurayi mai suna Kato, wanda ake kira Kato Ƙarami don a bambanta shi da kakan mahaifinsa. A kansa nake so mu daɗe.

Abu na farko da ya yi, tun kafin ya tsaya takara ya yi shi. Ya ƙi neman kujerar sai da ya zauna ya karanta dokokin da suka shafi aikin, ya bi waɗanda suka san shi yana tambaya, har ya fahimci iyakar ikon ma'aji da abin da ke wuyansa. Saboda haka ranar da ya shiga haikalin Saturnus, ba a sami abin da za a koya masa ba. Ya mai da akawuna matsayinsu na masu hidima. Wanda ya yi kuskure don rashin sani, ya gyara masa. Wanda ya yi da gangan, ya tona shi.

Ba su miƙa wuya nan da nan ba. Suka koma suna yi wa sauran ma'aji daɗin baki, suna haɗa kai a kansa. Sai ya kori babbansu bayan ya kama shi da cin amana a wata maganar gado. Ya gurfanar da wani kuma kan almundahana. A nan ne aka gwada shi. Wanda ya zo kare akawun shi ne Katulus, dattijo mai martaba, wanda a lokacin shi ke riƙe da muƙamin mai ƙidayar jama'a da duba ɗabi'unsu, kuma aminin Kato ne. Da Katulus ya ga hujja ta yi wa mutuminsa yawa, sai ya bar jayayya ya koma roƙo, a bar masa shi don darajarsa. Kato ya yi ta hana shi, ya ƙi bari. Daga ƙarshe Kato ya faɗa masa a fili cewa abin kunya ne mutumin da aka ɗora wa duba halayen jama'a ya kai ga sai dogaran kotu sun fitar da shi. Katulus ya dube shi kamar zai yi magana, sai ya yi shiru ya fita.

Amma bai haƙura ba. Da aka ƙirga ƙuri'u, masu cewa akawun ya yi laifi sun fi da guda ɗaya. Akwai wani ma'aji, Loliyus, da ke kwance ba lafiya bai halarta ba. Katulus ya aika masa, aka ɗauko shi a kan gado bayan an gama shari'a, ya jefa ƙuri'ar da ta wanke akawun. Kato bai ɗaga murya ba. Ya ƙi sake ba mutumin aiki, ya ƙi biyansa albashi, ya ce ƙuri'ar da aka jefa bayan an tashi ba ta cikin lissafi. Daga ranar akawuna suka shiga taitayinsu.

Daga nan ya buɗe tsofaffin kundaye. Ya tarar akwai mutane da yawa da baitulmali ke binsu bashi shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su, akwai kuma waɗanda su ke bin baitulmali an ƙi biyansu. Ya kama duka biyun lokaci guda. Waɗanda ake bi ya matsa musu ba sassauci, waɗanda ke bi ya biya su ba jan rai. Wannan ɓangare na biyu ne ya fi burge ni, kuma shi aka fi mantawa idan ana maganar riƙon amanar dukiyar jama'a. Ma'ajin da ya iya karɓa amma bai iya biya ba, rabin aiki ya yi. Haƙƙin wanda ya yi wa hukuma aiki aka riƙe masa kuɗinsa, shi ma bashi ne a wuyan mai makulli.

Sai maganar takardu. Na ce muku hukuncin majalisa a baitulmali ake shigar da shi. To mutane sun saba kawo takardun jabu, ko hukuncin da majalisa ba ta taɓa yi ba, a shigar musu don alfarma. Wata rana aka kawo wa Kato wani hukunci da ya yi shakka a kansa. Mutane da dama suka shaida cewa an yi shi. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi shigarwa, sai da konsul biyu suka zo da ƙafarsu suka rantse. Ma'aji mafi ƙanƙantar muƙami ya sa shugabannin ƙasa sun tako zuwa teburinsa, ba da wani ƙarfi ba sai sanin abin da doka ta ba shi.

Mafi nauyin aikinsa ya shafi jini. Shekara kusan ashirin kafin nan, da Sulla ya ci yaƙin basasa, ya kafa jerin sunayen mutanen da ya halatta jininsu, ya sa ladan dinari 12,000 na azurfa kan kowane kai, daga kuɗin jama'a. Albashin soja ne na fiye da shekara hamsin. Waɗanda suka yi kisan suna yawo a gari, kowa ya san su, kowa yana ƙyamarsu, ba mai iya taɓa su. Kato ya bi ta inda ikonsa ya kai. Shi ba alƙalin kisa ba ne, amma kuɗin sun fita daga baitulmali, kuma an rubuta. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kuɗin jama'a ne kuka karɓa ba bisa haƙƙi ba, ku dawo da su. Da suka mayar, sai ya zama kamar sun amsa laifi, aka riƙa gurfanar da su kan kisan kai. Rubutun da aka yi don a biya su lada, shi ya zama shaida a kansu.

Fulutak ya ce babu abokin aikinsa da ke riga shi zuwa ofis, babu mai barin ofis bayansa, kuma ba ya fashin zaman majalisa don kada a faki idonsa a yafe wa wani bashi. Ranar ƙarshe ta wa'adinsa, jama'a suka rako shi har gida. Yana isa sai aka ce masa wasu masu faɗa a ji sun tsare abokin aikinsa Marselus a baitulmali, suna matsa masa ya shigar da wata yafiyar kuɗi. Marselus abokinsa ne tun suna yara, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya cewa a'a. Kato ya juya. Ya tarar har an rubuta. Ya karɓi allon ya goge a gaban Marselus, shi kuwa yana tsaye bai ce uffan ba. Sannan ya kama hannunsa ya raka shi gida, kuma abotarsu ba ta ɓaci ba.

Ko bayan ya sauka bai saki ba. Ya sa bayinsa suna zama a baitulmali kullum suna kwafe abin da ya shiga da abin da ya fita. Ya kuma kashe talanti biyar daga aljihunsa, wato dinari 30,000, ya sayi kundayen lissafin ƙasa tun daga zamanin Sulla.

Yanzu, masu sauraro, akwai abin da adalci ya wajabta mu faɗa. Gaskiyar ma'aji ba ta tsarkake inda kuɗin suka fito. Baitulmalin Rum da dukiyar wasu al'ummai aka cika shi. Bayan cin ƙasar Makidoniya a shekara ta 167, ganima ta yi yawan da aka daina karɓar harajin dukiya daga 'yan ƙasar Rum. Cikin abin da ma'ajin runduna ke yin gwanjonsa har da mutane, maza da mata da yara da aka kamo a yaƙi. Kato kansa, a shekara ta 58, shi aka tura tsibirin Ƙubrus ya ƙwace dukiyar sarkinta Batalimus, wanda bai yi yaƙi da Rum ba. Sarkin ya sha guba ya mutu. Kato ya tsaya a kan gwanjon da kansa, yana bin farashin kowane kaya, har ya ɓata da wasu abokansa don ya ƙi amince musu. Ya tara azurfa kusan talanti 7,000. Ya zuba ta a akwatuna, kowane an ɗaura masa doguwar igiya da toton da ke yawo a kan ruwa, don ko jirgi ya nutse a san inda dukiya take. Ko anini bai ci ba. Amma ƙwace ne, kuma ko da yake da farko ya nuna ƙin zuwa, ya je ya aiwatar. Duk wanda zai yabi Kato, ya yabe shi da sanin wannan.

Kuɗin sun isa Rum. Littattafan ne ba su isa ba. Kwafi biyu ya yi. Ɗaya yana hannun wani yaronsa, jirginsa ya kife a teku. Ɗayan yana hannunsa, sai a tsibirin Korfu matuƙan jirgi suka hura wuta saboda sanyi, tantuna suka kama, littafin ya ƙone. Masu kula da dukiyar sarkin suna nan sun ba da shaida, ba wanda ya iya kama shi da komai, amma abin ya ci masa rai, domin burinsa shi ne lissafin ya zama abin koyi.

Duk wannan tsari ya tsaya ne a kan sharaɗi ɗaya: cewa mai takobi zai mutunta mai makulli. A shekara ta 49 sharaɗin ya karye. Yuliyus Kaisar, wanda shi ma ya taɓa riƙe ma'aji a Sifen a shekara ta 69, ya shigo Rum da sojojinsa. A haikalin Saturnus akwai wata ajiya ta musamman da ake tarawa daga harajin kashi biyar cikin ɗari na 'yanta bayi, ba a taɓa ta sai masifa ta kai maƙura, kamar a shekara ta 209 lokacin yaƙin Hanibal. Kaisar ya nemi a buɗe baitulmali. Makullai ba sa nan, shugabanni sun gudu. Wani wakilin talakawa mai suna Metelus ya tsaya a ƙofa yana kafa hujja da doka. Kaisar ya sa aka kira maƙera su fasa ƙofar, ya yi wa Metelus barazanar kisa, ya kauce. Marubuci Filini ya ƙiyasta abin da aka kwasa: sandunan zinariya 15,000, na azurfa 30,000, da tsabar sestarti miliyan 30. Kato yana ɓangaren da ke yaƙar Kaisar. Ya mutu a shekara ta 46 a garin Utika, cikin ƙasar Tunisiya ta yau.

Muƙamin bai mutu nan take ba. Kaisar ya kai adadin ma'aji 40, magajinsa Agustas ya mayar da su 20, ya rage shekarun shiga zuwa 25. Amma makullin baitulmali ya fara yawo daga hannu zuwa hannu. A shekara ta 28 Agustas ya karɓe shi daga matasa ya ba waɗanda suka riƙe manyan muƙamai. Bayan haihuwar Annabi Isa da shekara 44, sarki Kalaudiyus ya mayar wa ma'aji, sai dai shi ke zaɓensu da kansa, su yi shekara uku. A shekara ta 56 bayan haihuwar, zamanin sarki Nero, wani wakilin talakawa, Helbidiyus Firiskus, ya yi ƙarar ma'aji Sabinus cewa yana tsananta wa matalauta wajen gwanjon kayansu don biyan bashin hukuma. Nero ya yi amfani da rigimar ya raba ma'aji da baitulmali gaba ɗaya, ya naɗa dattawa biyu na zaɓinsa. Dalilin da masanin tarihi Tasitus ya kawo shi ne ƙarancin shekarun masu riƙe da muƙamin. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai a lokacin babban kuɗin daula ya riga ya koma asusun sarki, wanda hadiman gidansa ke riƙewa, kuma ba majalisa ba jama'a, babu mai hurumin cewa a kawo wannan littafi a duba.

  

[Kiɗan rufe shiri]